TARIHIN BOB MARLEY, MAWAƘIN JAMAIKA, DA HANYAR DA YA BI WAJEN NEMAN UBANGIJI

 A wannan fitowa, filinmu na tarihin mutane ya faɗo kan wani mawaƙi na wata ƙasa mai nisa. Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Maraɗi ko ta Damagaram, ko ya zauna wurin mai shayi a Tawa ko Yamai, ya ji muryarsa a kaset ko a radiyo. Hotonsa yana jikin riguna da bayan motoci. Sunansa Bob Marley. Da yawanmu ba mu jin Ingilishi, saboda haka abin da muka sani game da shi bai wuce gashin kansa da hayaƙinsa ba. Alhali kuwa mutumin nan, tun daga samartakarsa har ranar da ya bar duniya, maganar addini ce take juya shi. Ba mu kawo labarinsa don mu kira kowa zuwa hanyarsa ba. Za mu faɗe shi yadda ya faru, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

YARON DA BAI TASHI GABAN UBANSA BA

Jamaika tsibiri ce a cikin teku, kudu da ƙasar Kuba. Yawancin mutanenta baƙar fata ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka aka kai su noman rake. Ingila ce ta mulke ta har shekarar 1962. A can ne, a wani ƙauye na kan tudu mai suna Nine Mile, aka haifi Robert Nesta Marley ranar 6 ga watan Fabrairu 1945.

Uwarsa Cedella baƙar mace ce, ɗiyar manomi, ba ta kai shekara 20 ba sa'ad da ta haife shi. Ubansa Norval Marley kuwa farar fata ne, ya kusa shekara 60. An ɗaura musu aure, amma bai zauna da ita ba. Yaron bai ga ubansa ba sai jefi-jefi, har uban ya rasu a 1955, lokacin ɗan yana da shekara 10. Kakansa na wajen uwa, Omeriah Malcolm, shi ya riƙe shi a ƙauye. Dattijo ne mai gona, wanda ya san itatuwan magani, ana kuma jin maganarsa a gari. Uwar tana zuwa majami'a, tana waƙoƙin ibada a gida. Ke nan yaron ya buɗe ido ya tarad da Littafi Mai Tsarki na Kirista a ɗakinsu, da shi aka yi masa tarbiyya, kuma bai rabu da shi ba har kabari.

Da ya kai wajen shekara 12, suka koma Kingston, babban birnin ƙasar, suka sauka a unguwar talakawa da ake kira Trench Town. A nan ya sha gori. Yara suna tsokanar sa don shi ruwa biyu ne, dangin ubansa kuma ba su san da zamansa ba. Ya shiga koyon walda, wata rana ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa masa a ido, sai ya bar aikin ya kama waƙa. Ya yi faifansa na fari a 1962. Shekara ɗaya bayan haka, shi da abokansa Bunny Livingston da Peter Tosh suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Wailers.

MENE NE RASTA?

Kafin mu ci gaba, sai mun yi bayanin wannan tafarki, don kowa ya gane abin da ya ja saurayin.

Akwai wani ɗan Jamaika mai suna Marcus Garvey, an haife shi a 1887, ya rasu a 1940. Ya yi ta wa'azi cewa baƙin mutum ya daina raina kansa, ya tuna Afirka ce gidansa. To, ranar 2 ga watan Nuwamba 1930 aka naɗa Ras Tafari Makonnen sarkin sarakunan Habasha, ya ɗauki sunan Haile Selassie. Gidan sarautar Habasha suna cewa su jikokin Annabi Sulaimanu ne da sarauniyar Saba, wadda muka sani da Bilkisu. Cikin kirarin sarkin har da Zakin Yahuza. Ƙasarsa kuma ita ce ta kori sojan Italiya a yaƙin Adwa cikin 1896.

Waɗansu talakawan Jamaika suka ga hotunan naɗin a jarida, suka buɗe Littafinsu, suka ga kirarin ya yi daidai da abin da suke karantawa. Sai suka ce ai wannan shi ne mai ceton da aka alkawarta, waɗansu ma suka ce Ubangiji ne da kansa ya bayyana cikin baƙar fata. Wani mai suna Leonard Howell yana cikin waɗanda suka fara wannan wa'azi wajen 1933. Daga tsohon sunan sarkin aka sami sunan Rastafari.

Suna kiran Ubangiji da sunan Jah. Mulkin zalunci da ya bautar da kakanninsu suna ce masa Babila. Habasha, da Afirka baki ɗaya, suna ce mata Sihiyona, watau gidan da za a koma. Ba su aske gashi, ba su taje shi, don sun karanta ka'idar keɓaɓɓu a sura ta 6 ta Littafin Ƙidaya. Ba su cin naman alade, da yawansu ba su cin nama ko kaɗan, ba su shan giya. Suna shan tabar wiwi wurin taronsu, suna ɗaukar ta abin ibada, ko da yake dokar ƙasar ta hana ta a wancan zamani. Hukuma ba ta ƙaunar su. A 1963, bayan wata tarzoma a Coral Gardens, ƴan sanda suka yi ta kamun Rasta, suna dukan su, suna yanke musu gashi da ƙarfi. Sai a 2017 gwamnatin Jamaika ta nemi gafara a kan wannan.

RANAR DA SARKI YA SAUKA

Ranar 10 ga watan Fabrairu 1966 Bob ya auri Rita Anderson, ita ma mawaƙiya. Kashegari ya tafi ci-rani Amurka, wurin uwarsa da ta koma can, yana aikin ƙarfi don ya tara jari. Yana can, ranar 21 ga watan Afrilu, Haile Selassie ya kawo ziyara Jamaika. Dubban mutane suka cika filin jirgi, suka kewaye jirgin, har sarki ya kasa saukowa. Sai da wani dattijon Rasta mai suna Mortimer Planno ya hau matakala ya lallashi jama'a, sa'an nan aka buɗe hanya. Rita tana bakin titi sa'ad da motar sarki ta wuce. Ta ce ta ga tabon ƙusa a tafin hannunsa lokacin da ya ɗaga ma mutane hannu, kuma daga ranar ta ba da gaskiya.

Da Bob ya komo gida bayan wata takwas, ya tarad da matarsa da abokansa sun riga shi shiga. Ya zauna gaban Planno yana ɗaukar karatu. Ya bar gashinsa, ya sake abincinsa, waƙoƙinsa ma suka sake. A da, yawancinsu na soyayya ne da na samarin unguwa. Yanzu sai ga Zabura da labarin fitar Bani Isra'ila daga Masar a cikinsu. Daga baya ya shiga wani reshe na Rasta mai suna Kabilu 12 na Isra'ila, wanda Vernon Carrington ya kafa a 1968. Ka'idarsu ita ce kowa ya karanta sura ɗaya ta Littafi kowace rana, daga farko har ƙarshe. Suna raba mutane bisa watan haihuwa, shi ɗan Fabrairu sai ya faɗa kabilar Yusufu. A ganinmu, yaron da ya tashi babu uba, wanda fari da baƙi duk suka yi masa gori, a nan ya sami uba da dangi da asali.

Amma akwai wani ƙulli a cikin al'amarin. Shi Haile Selassie Kirista ne na majami'ar Otodoks ta Habasha, wadda ta kafu tun ƙarni na 4. A wata hira da aka yi da shi a 1967, ya bayyana cewa shi mutum ne mai mutuwa kamar kowa. A 1970 kuma ya aika da wani malamin majami'arsa zuwa Jamaika, wanda daga baya aka sani da Abuna Yesehaq, don ya koya ma masu ƙaunarsa addinin da shi kansa yake bi. Ku riƙe sunan wannan malami, za mu sake gamuwa da shi.

JARRABAWA TA FARI: MUTUWAR SARKI

Daga 1973 sunan Bob Marley ya fara fita duniya, bayan da kamfanin Island na Landan ya ɗauke su. Kiɗan rege ya shiga Turai da Amurka da Afirka. Ana cikin haka sai labari ya zo daga Habasha. Farin nan na 1973 da ya kashe mana dabbobi, can ma ya yi ɓarna, yunwa ta kashe mutane da yawa a lardin Wollo. Kamar yadda soja suka karɓi mulki a Yamai cikin Afrilu 1974, haka sojan Habasha suka tuɓe sarki ranar 12 ga watan Satumba na wannan shekara. A ƙarshen watan Agusta 1975 aka ba da sanarwar ya mutu a tsare.

Ku duba nauyin wannan labari a kan mutumin da ya ɗauki sarkin nan Ubangiji. Mutane suka riƙa yi ma Rasta dariya a titi. Ba a daɗe ba Bob ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya yi waƙa mai suna Jah Live, ma'anarta Jah yana raye. Da yake ba a nuna gawa ba, ba a nuna kabari ba, Rasta da yawa suka ƙi yarda da mutuwar. A 1976 kuma ya ɗauki jawabin da sarkin ya yi gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963, kan wariyar launin fata, ya sa masa kiɗa. Sai a 1992 aka tono ƙasusuwan sarkin a cikin fada, aka yi masa jana'iza a Adis Ababa a shekarar 2000. Bob bai ga wannan rana ba, amma matarsa Rita ta halarta.

JARRABAWA TA BIYU: HARSASHI

A 1976 siyasa ta yi zafi a Jamaika, ƴan bangar jam'iyyu biyu suna kashe juna. Bob ya yarda zai yi wasa kyauta don a huce. Saura kwana biyu, daren 3 ga watan Disamba, ƴan bindiga suka faɗa gidansa. Harsashi ya shafi ƙirjinsa ya shige hannunsa. An harbi Rita a kai, an harbi mai kula da harkokinsa. Babu wanda ya mutu. Ranar 5 ga wata ya hau dandali da rauninsa ya yi wasan, sa'an nan ya bar ƙasar ya koma Landan. Ya ɗauki tsirar da ya yi a matsayin alama cewa an bar shi ne don wani aiki. A can ya yi faifan Exodus a 1977, wanda sunansa ma daga littafin Fitowa aka ɗauko shi.

A 1978 ya komo Kingston, ranar 22 ga watan Afrilu kuma ya hau dandali wurin wani babban wasa na neman sulhu. Yana tsakiyar waƙa ya kira shugaban gwamnati Michael Manley da madugun adawa Edward Seaga, ya haɗa hannuwansu bisa kansa. Kashe-kashen ba su ƙare ba, zaɓen 1980 ma ya fi muni. A ƙarshen 1978 ya taka ƙasar Habasha karo na fari. Ya ziyarci Shashamane, inda sarki ya ba baƙaƙen fata na ƙetare fili wajen hekta 200 tun 1948. Ya tarad da Sihiyonar da yake waƙa tana hannun soja, an kawar da sarautar, an kuma karɓe yawancin filin. Duk da haka bai saki Afirka ba. Ya yi wasa a Gabon a farkon 1980, ya kuma yi wasa a bikin ƴancin kan Zimbabuwe cikin Afrilu 1980, shi ya biya kuɗin jigilar kayan kiɗansa daga aljihunsa.

JARRABAWA TA UKU: BABBAN YATSA

A 1977 wani miki ya fito masa ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafar dama. Da yake shi mai son ƙwallon ƙafa ne, aka ɗauka targaɗen wasa ne. Mikin ya ƙi warkewa. Da likitoci suka duba, suka ce sankarar fata ce, irin wadda takan fito a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, kuma ba ta bar baƙar fata ba. Suka ba da shawara a yanke yatsan tun ciwon bai yaɗu ba. Ya ƙi. A wurin Rasta jiki amana ne, ba a yanke wani sashe nasa. Ga kuma tsoron kada ya kasa rawa a dandali da buga ƙwallo. Sai aka cire farcen da naman da ke ƙarƙashinsa, aka ɗebo fata daga cinyarsa aka rufe wurin. Ya ci gaba da yawon duniya shekara uku.

Cikin watan Satumba 1980 yana gudun motsa jiki a wani lambu na birnin Niyok, sai ya yanke jiki ya faɗi. Aka auna shi, aka tarar ciwon ya kai ƙwaƙwalwa da huhu da hanta. Ranar 23 ga wata ya yi wasansa na ƙarshe a birnin Pittsburgh.

SABON SUNA

Ranar 4 ga watan Nuwamba 1980, a Niyok, Abuna Yesehaq, malamin nan da sarki ya aika Jamaika shekara 10 kafin nan, ya yi ma Bob Marley baftisma cikin majami'ar Otodoks ta Habasha. Matarsa da ɗiyansa sun riga shi shiga wannan majami'a. Aka raɗa masa suna Berhane Selassie. A harshen majami'ar Habasha, Selassie shi ne Triniti, watau aƙidar Kirista ta Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Sunan sarki ma'anarsa Ikon Triniti, sabon sunan mawaƙin kuma Hasken Triniti. Malamin ya ba da labari daga baya cewa Bob ya rungume iyalinsa ya yi kuka mai tsawo a ranar.

Har yau ana gardama a kan wannan rana. Kirista suna cewa ya bar bautar sarki ya koma ga Almasihu, don majami'ar Habasha ba ta yarda a kira Haile Selassie Ubangiji ba. Rasta suna cewa bai bar kome ba, ya dai shiga ɗakin ibadar sarkinsa ne. Abin da ke fili shi ne, mutumin da ya yi shekara 14 yana bin wannan sarki, a ƙarshe ya durƙusa a inda sarkin da kansa yake durƙusawa.

Daga nan aka kai shi wurin wani likita a kudancin Jamus. Magani mai ƙarfi ya sa gashin nan da duniya ta san shi da shi ya riƙa zuba, har aka yanke sauran. Da aka ga babu sauran dabara, ya nemi a mai da shi gida. Jirgi ya tsaya da shi a Mayami ta Amurka, jikin ya tsananta, aka kai shi asibiti. A nan ya cika ranar 11 ga watan Mayu 1981, yana da shekara 36.

Gwamnatin Jamaika ta yi masa jana'izar girma ranar 21 ga wata. Abuna Yesehaq ne ya ja gaba, ƴan Kabilu 12 suna nan da fararen tufafinsu. Ko a wurin sai da ɓangarorin biyu suka ja: abokinsa ɗan ƙwallo Allan Cole, da aka ba shi karatu, ya bar ayoyin da aka tsara masa ya karanta waɗansu dabam. Edward Seaga, wanda ya zama shugaban gwamnati, shi ya yi jawabin ban kwana. Aka kai shi Nine Mile aka rufe shi kusa da ɗakin da ya tashi. Cikin akwatin an sa jitarsa, da Littafi a buɗe kan Zabura ta 23, da reshen wiwi da matarsa ta ajiye.

ABIN DA MUKA GANI A CIKI

Ba waliyyi muka kawo muku ba. Yana da aure ya haifi ɗiya da mata da dama a waje, ɗiyansa duka da aka lissafa a hukumance su 11 ne. An ci shi tara a Landan a 1977 saboda wiwi. Ya kuma ƙi barin wasiyya, don a wurin Rasta rubuta ta kamar kiran mutuwa ne. Abin da ya biyo baya shi ne shari'a wajen shekara 10 a kan dukiyarsa, tsakanin iyali da makaɗansa da lauyoyi, kuɗi masu yawa suka tafi a banza.

Ga samarinmu masu tara gashi suna cewa su Rasta ne, muna tuna muku cewa mutumin da kuke koyi da shi yana karatun Littafinsa kullum, yana tashi da sassafe ya motsa jiki, yana sa makaɗansa maimaita waƙa ɗaya har su gaji, kuma ƙofar gidansa a Kingston ba ta rabuwa da mabukata da yake taimako. Wanda ya ɗauki hayaƙin kaɗai ya bar sauran, ya ɗauki ɓawo ya bar ƙwaya.

Ga mu duka kuma, manya da yara, akwai maganar yatsan nan. Mu manoma ne, ƙafarmu kullum tana cikin ƙasa da ƙaya. Mikin da ya yi wata da watanni bai warke ba, ko baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce da yake ƙara faɗi, a kai shi asibiti tun da wuri, a kuma saurari abin da likita ya ce. Irin wannan ciwo, in an tare shi da wuri, an fi samun sa'arsa. Haka nan mai gona ko garke ko gida, ya bayyana abin da ya mallaka da bashin da ke kansa gaban shaidu tun yana da lafiya, kada ya bar ma ɗiyansa rigima.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta ma wanda bai iya ba, sa'an nan ya miƙa ta gaba. Wanda kuma yake son mu kawo tarihin wani mutum, ya sanar da sakataren ƙungiya ranar kasuwa. Mu kwana nan, sai fitowa ta gaba.